Turken da Ke Bin Bakin Takarda

Litinin, da safe

Na buɗe shago da kaina. Kwaɗon ya yi min gardama, kamar ya san ba hannun mai shi ba ne.

Wannan littafi a aljihun tebur na same shi, ba a rubuta komai a ciki ba, to ni zan rubuta. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Da tsintsiya na shiga ofishin masu buga takardu, na riƙa satar harafi da ido har na iya, daga nan na ci abinci da tafireta a bakin kotu har kaina ya yi fari. Wanda rubutuna bai yi masa ba, ya rufe littafin.

Shagon na Auta ne, 'yata. Kwamfuta ɗaya, firinta, da injin hoton takardu. Tun jiya ita da mijinta suna can asibiti. Tsohuwa, matata, ta bi ta da bargo da filas. Ni aka ce in zauna a gida. In zauna in yi me, in ƙirga rufin ɗaki?

Mijinta, Mai Tabarau, ya ce a rufe shago har ta dawo. Shi ne dai wanda ya ɗauki tafiretata ya kai ɗakin ajiya a gaban mutane, yana murmushi yana cewa, "Baba, a huta haka, zamanin wannan ya wuce." Ban manta ba. Ba zan rufe ba.

Litinin, da yamma

Hoton takardu kawai na yi. Wannan ko akuya aka nuna mata za ta iya. Tsohuwa ta bugo waya, ta ce da sauƙi. Ban tambayi komai ba.

Talata, da hantsi

Hedimastan makarantar bayan kasuwa ya zo. Shi ne babban mai kawo wa Auta aiki: jarrabawa, sakamako, wasiƙun iyaye, duk nan ake bugawa. In ya ɗauke ƙafa, shagon nan ya zama wurin shan inuwa. Auta ta sha wahala kafin ta same shi, na san zaryar da ta yi.

Ya leƙa bayan kanta, ya ce, "Ina mai shagon?"

Na ce ta ɗan fita.

Ya ce, "To Baba, tsarin taron rufe makaranta ne. A hagu abin da za a yi, a dama sunan wanda zai yi, tsakaninsu ɗige-ɗige, sunayen su tsaya a layi ɗaya. In ba za a iya ba ka gaya min tun yanzu. Yaran sabon shagon tsallaken titi kullum roƙona suke."

Na ce masa na buga ƙarar da ta fi wannan tsawo tun yana yawo ba wando. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya ajiye takardar ya tafi.

Auta za ta dawo ta tarar da Hedimasta yana nan. Wannan na ɗauka wa kaina.

Talata, da yamma

Haruffan suna nan inda na san su, ba a canza musu gida ba. Sai dai madannan ba su da nauyi, kamar kana taɓa kan jinjiri.

Ban so na rubuta wannan kalmar ba. Ta riga ta fito, a bar ta.

Laraba, da rana

Na gama bugawa. In na rubuta abin da za a yi, sai in danna ɗigo, in danna, in danna, har in zo kusa da baki, sannan in sa suna. Haka nake yi tun ina saurayi. Da na fitar a firinta sai na ga sunayen sun yi tafiyar maciji, wannan ya shige ciki, wancan ya leƙo waje.

Na gano dalili da kaina, ba wanda ya gaya min. A tafireta kowane harafi faɗin gidansa ɗaya, siriri da mai ƙiba duk daidai ake ba su. A nan kuwa wani harafin kamar tsinke, wani kamar buhu. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai san adalci ba.

Na ɗauko rula na aza a fuskar kwamfuta, na manna salatif daga sama har ƙasa inda nake so sunaye su ƙare. Layi bayan layi nake ƙara ɗigo, ina rage ɗigo, ina cusa fili da dogon madannin ƙasa, har kowane suna ya taɓa salatif.

Tela maƙwabcinmu ya shigo aron almakashi, alhali shi ne mai almakashi. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Tsoho, ɗaurin karaya kake yi wa kwamfutar?"

Na ce ya koma ya ƙarasa wandon mutane da ya riƙe tun bara.

Alhamis, da safe

Tsohuwa ta ce da sauƙi. Muryarta ba ta ce haka ba.

Alhamis, da yamma

Hedimasta ya duba, ya gyaɗa kai. Na fara jin daɗi, sai ya ce, "Madalla. Yanzu a mayar min da shi rabin takarda, wanda za a naɗe a ba iyaye a hannu. A kuma yi babba guda na bango."

Na ce ba damuwa. Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Mai gyaran waya na kusurwa ya nuna min inda ake canza girman takarda. Ina dannawa, aikin yini guda ya rushe. Ɗige-ɗigen suka zubo layi na biyu, sunaye suka faɗo ƙarƙashin abin da ba nasu ba. Shugaban iyayen yara ya koma shi ne zai yi rawar 'yan aji ɗaya. Salatif ɗina yana tsaye shi kaɗai, ba kowa a kusa da shi.

Juma'a, da hantsi

Na sake na rabin takarda daga farko, da sabon salatif. Wuyana ya ƙage.

Mai Tabarau ya biyo ɗaukar cajar Auta. Ya ga fuskar kwamfuta da salatif a jiki. Sai ya ce, "Baba, ko in duba maka?"

Na ce, "Wanda zamaninsa ya wuce ai ba a duba masa, binne shi ake yi."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki caja ya fita. Rigar da ke jikinsa ita ce ta ranar Lahadi. Na lura, amma wannan ba ruwana.

Asabar, da rana

Na gama na bango. Yanzu suna uku, kowanne da nasa ɗige-ɗigen.

Litinin, da safe

Hedimasta ya aiko da gyara. An cire mutum biyu, an ƙara jawabi, an canza mai ba da kyauta. Sai na shiga kowanne cikin ukun in gyara, kuma duk sunan da ya canza tsawo sai an sake auna layinsa. Na gyara a biyu na manta na uku. Da ya zo ya gani, ya ɗaga na bangon sama, ya ce, "Baba, wannan mutumin mun cire shi. In ya ga sunansa a bango ya zo ya zauna a kujerar gaba, wa zai tashe shi?"

Na duba takardar, ga sunan nan kuwa.

Ya sassauta murya. "Ba rainin ka nake ba. Amma taron nan sati mai zuwa ne, kuma gyara bai ƙare ba, na san mutanena. In zuwa Juma'a abin bai zauna ba, zan tsallaka titi. Ka gaya wa mai shagon kada ta ga laifina."

Ba zan gaya mata ba.

Litinin, da yamma

An yi mata aikin da likita ya ce za a yi. Kafin lokaci ne, amma an yi. Tsohuwa ta yi ta magana a waya, na ji rabi. Auta ta farka. Ɗayan zancen an ce sai an ga kwana biyu.

Na share shago sau biyu. Ba datti.

Talata, da hantsi

Ina kwance da asuba abin ya faɗo min. Tafiretata tana da turke. Ɗan ƙarfe ne a baya, ka kafa shi inda kake so, in ka danna madannin tsalle sai keken da ke riƙe takarda ya ruga ya tsaya cak a kansa. Ban cika amfani da shi ba, domin idona ya ishe ni. Na ce ba yadda za a yi masu kwamfuta su saci haruffa su bar turke.

Yana nan kuwa. Madannin tsalle yana hagu, inda yake tun dā. A saman takarda akwai rula tasu ta cikin gilashi, in ka taɓa ta da ɗan ɓeran nan da ake ja, sai alama ta fito. Na yi ta taɓawa ina ɓatawa har na samu wadda ke tsayar da ƙarshen suna, ba farkonsa ba. Har ɗige-ɗigen ma ita take zubawa da kanta, in ka nuna mata. Sunaye suka miƙe kamar sojoji.

Na ɓare salatif na jefar. Na kira Tela ya zo ya gani. Ya ce shi bai ga komai ba sai rubutu. Jahili.

Talata, da yamma

Murnata ba ta kai la'asar ba. Na mayar da shi rabin takarda, sai sunayen suka fice daga takardar gaba ɗaya, suka tafi can inda ba komai. Na mayar babba, suka tsaya a tsakiya kamar an kore su daga baki. Turken yana nan inda na kafa shi. Daga hagu ake auna shi, bai san takarda ta ƙanƙance ko ta buɗe ba, kuma bai damu ba.

Tela na zaune a bencina yana cin gyaɗa. Na yi masa bayani don in huce, ba don ya gane ba. Ya ce, "Ai wandon yaro ka ɗinka da ƙugu ƙayyadadde. Yau ya yi daidai, gobe ya matse. Mu roba muke sawa, ta bi cikin mai shi duk inda ya je."

Na ce kwamfuta ba wando ba ce.

Ya ce, "To zauna da turkenka. Kai da shi ban san wanda ya fi taurin kai ba."

Laraba, da safe

Ban ci komai ba. Ba yunwa.

Laraba, da yamma

Na rufe shago da rana na je can. Na ce a raina zan tambayi Auta a fakaice, kamar hira, ko akwai turken da ke bin bakin takarda. Ita za ta sani.

Na same ta a kwance, ta yi fari, leɓenta ya bushe. Gadon da ke gefenta ƙarami, ba kowa a ciki. Ta ce, "Baba, ya shago?"

Na ce lafiya lau.

"Hedimasta ya zo? Lokacin taronsu ya yi."

Na ce ya zo, aikinsa ya kusa fita.

Ta lumshe ido, ta ce, "Na san ba za ka bari ya tafi ba." Sai barci ya ɗauke ta. Tambayar ta koma ciki.

Tsohuwa ta raka ni ƙofa, ta ce, "Ba za ka leƙa ɗakin can ba? Ta gilashi ake gani."

Na ce wani lokaci.

Ta ce, "Kai dai har ka mutu ba za ka canza ba." Amma ta gyara min wuyan riga.

A baranda na ga Mai Tabarau a kan benci, kusa da ƙofar wancan ɗakin. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba su ba. Ashe yaro ne ƙarami. Ma'aikaciyar jinya ta ce tun Litinin nan yake kwana, in an kore shi ya zagaya ya dawo.

Na wuce shi. Na kai bakin matakala, na dawo. Na ce, "Gobe in ka samu sarari, ka biyo shago. Akwai abin da ya lalace."

Ya miƙe tsaye da sauri. "Me ya lalace, Baba?"

Na ce in ya zo zai gani.

Alhamis, da rana

Ya zo da hantsi. Na nuna masa, na ce ina son turken da ba a auna shi daga hagu, wanda zai kama bakin dama ya bi shi duk inda ya je. Na ɗauka zai danna abu biyu ya gama, ya kalle ni ta saman tabarau. Sai ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Ni ma da na ga irin wannan, sake kafa turken nake yi kowane lokaci."

Ban san me ya sa wannan ya yi min daɗi ba.

Ya ja kujera ya zauna a gefena, yana bincike a wayarsa, yana karantowa yana fassara min. Na farko da muka gwada bai yi ba. Na biyu ya ce a zana akwati mai gida biyu a ɓoye layukansa, na ce Hedimasta ɗige-ɗige yake so, akwati ba zai ba mu ba. Ya ce haka ne. Ni ya ce wa haka ne.

Can ya ce, "Tsaya, Baba. Akwai wani, amma sun ɓoye shi." Ashe yana cikin kayan da ake rubuta kan shafi da su, can sama inda lambar shafi ke zama. Ba ya tambayar ka awo ko kaɗan. Abu uku kawai yake tambaya: hagu, tsakiya ko dama, da bakin rubutu za a ɗaure shi ko da wani abu, da ɗigo ko ba ɗigo. Muka ce dama, bakin rubutu, da ɗigo. Ya fito a sama. Mai Tabarau ya kwafe shi, ya sauko da shi cikin layin farko, tsakanin jawabin maraba da sunan mai yi.

Ya ce, "Canza takardar mu gani."

Na mayar rabi. Sunan ya matso, ya tsaya a baki. Na mayar ta bango. Ya tafi, ya tsaya a baki, ɗige-ɗigen suka ƙaru da kansu. Na mayar rabi kuma. Na yi ta yi. Shi bai hana ni ba.

Ya miƙa hannu zai yi sauran layukan, na buge hannun. Na ce ya nuna min kwafa da mannawa sau ɗaya, ya koma inda ake bukatarsa. Ya nuna min sau uku, domin yatsana yana zamewa. A ƙofa ya tsaya, ya ce, "Baba, maganar tafireta—"

Na ce, "Ana jiranka."

Alhamis, da yamma

Na bi layukan duka, na cire tsohon turke na sa sabo. Na goge na rabi da na bango. Yanzu aiki ɗaya ne, gyara ɗaya, takarda kowace iri.

Tela ya leƙo ya ce, "An sa robar?" Na ce masa ya fita min daga shago. Na ba shi kujera.

Juma'a, da hantsi

Hedimasta ya zo da takarda a hannu da fuskar mai sallama. Gyara ne kuma: mai jawabin rufewa ya yi tafiya, an sa wata mai dogon suna. Ya ƙara da cewa masu naɗe takardar sun ce rabin ya yi faɗi, a rage shi kaɗan. Ya faɗa yana kallon tsallaken titi.

Na ce ya zauna. Ya ce sauri yake. Na ce to ya tsaya.

Na canza sunan a gabansa. Na rage faɗin takarda. Na fitar. Na mayar ta bango, na fitar. Ya jera su a kan kanta, ya bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi.

Ya ce, "Mai shagon ta dawo ne?"

Na ce tana hanya.

Ya naɗe takardunsa, ya kai ƙofa, ya juyo. "Sakamakon yara na nan tafe ranar Talata, da yawa ne. Za a iya?"

Na ce ya kawo. Wannan karon ni na faɗa.

Asabar, da safe

Tsohuwa ta ce da sauƙi. Yau muryarta ma ta ce haka.

Litinin, da yamma

An sallami Auta, amma kullum za ta riƙa komawa can da safe. A hanyar gida ta sa aka tsaya a shago. Tana tafiya a hankali, tana dafe da mijinta. Na tashi zan ba ta kujerarta, ta ce in zauna, ta zauna a benci.

Ta ce, "An ce ka manna wa kwamfutata salatif."

Na kalli Mai Tabarau. Ya kalli rufi. Ashe Tela ne, ya je dubiya ya kwashe komai ya zuba mata.

Na buɗe aikin Hedimasta na nuna mata, na canza takarda sau biyu. Ta matso da fuska. Ta ce, "Wannan ina ka samo shi? Ni fa sake kafawa nake yi."

Na ce mu muka samo. Ban faɗi mu wa ba, amma ya ji.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce kada a ƙara sa ta dariya, ɗinki ne. Ta ce sakamakon yara in ya zo in fara, ita za ta duba daga gida. Wai za ta duba. To.

Laraba, da rana

Sakamako shafi da yawa. Hedimasta ya riga ya aiko da gyara tun ban gama ba. Ya yi ta aikowa.

Juma'a, da yamma

An fito da ita daga kwalba yau da safe. Tana shan nono da kanta.

Jikata. Ga shi na rubuta.

Na je. Aka ce sai na wanke hannu har gwiwar hannu, Mai Tabarau ya tsaya a kaina yana cewa ban wanke tsakanin yatsu ba. Na sake wankewa. Aka aza min ita. Ba ta kai nauyin damin takarda ba. Ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni, ta ɓata fuska kamar an kawo mata aikin da bai yi ba.

Tsohuwa da ma'aikatan jinya duk sun haɗa baki wai da ubanta take kama. Na bar su suna faɗa. Na duba goshin nan da kyau, a haske, kusa da taga. Nawa ne.